Zaren Awon Zuberu

Essen, Jamus
6 ga Oktoba, 1991

Yaya Memunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarmu Mma Lariba, da maigidanki Imoro, da duk mutanen gidanmu na Nima. Ki gaida mini keken ɗinkinki ma, don na san ya fi kowa shan faɗanki.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Wasiƙar da na aiko cikin Agusta, wadda na ce komai lafiya lau, ƙarya na shara miki. A ranar ina kwance ne da ƙanƙara a kan gwiwa. Muna cikin wasa, na ɗauko ƙwallo ta gefen dama kamar yadda na saba, na zo zan karya in shige ciki, sai na ji wani abu ya ce ɗas a gwiwata ta dama, kamar in kin tsinke zare da haƙori. Wallahi babu wanda ya taɓa ni. Ni kaɗai na faɗi a gaban mutum dubu huɗu.

Likita ya ce akwai wata jijiya a can tsakiyar gwiwa wadda take riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, don kada ɗaya ya zame ya bar ɗaya. Ita ce ta tsinke. Ran goma ga Satumba suka yi mini aiki. Sun yanko wata jijiyar daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar, suka ɗinke wurin da ita. Ke ce tela, kin fi ni sanin yadda ake yanko ƙyalle a jikin riga a yi mata faci.

Gwiwar ba ita ta tsorata ni ba, Yaya. Ranar da aka kwance ɗaurin na duba cinyata, ban gane ta ba. Cinyar nan da take fasa miki ɗinki kowace sallah, har kike cewa ni da doki awonmu ɗaya, ta zube ta zama kamar muciya. Akwai wata ma'aikaciyar gashin ƙashi da aka haɗa ni da ita, na sa mata suna Sajan don ba ta dariya. Takan ɗora hannu a kan cinyar ta ce in matse naman. In matse, in matse har zufa ta keto mini, naman ko motsi. Na kira shi da Hausa, na kira shi da Twi, har da ɗan Jamusancin da na koya, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Ga abin da ke gabana. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen Yuni mai zuwa. Koci ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba, sai ya ga na buga wasa da idonsa kafin kakar ta ƙare, in ba haka ba ba za su sabunta ba. Sajan kuma ta ce ba gwiwa ce za ta mayar da ni fili ba, cinya ce. Ke nan ina da wata bakwai in lallashe ta ta dawo.

Yanzu a kan kujera nake salla, kamar tsoho. In na idar da azahar barci yakan ɗauke ni, kuma mafarki ɗaya nake yi. Sai in gan ni ina gudu daga shataletalen Nima ba takalmi, in bi ta lungun masu waakye, shinkafa da waken nan, in iso babbar gotar ruwa in yi tsalle. Daga nan sai in ƙi sauka. In yi ta tafiya a sama a hankali, rufin kwano yana wucewa a ƙarƙashina, ina ganin shanyar mutane da tukwanen kooko, ina jin ƙarar kekenki daga nesa. Can in hango filin ƙwallonmu na Kawukudi, in miƙa ƙafar dama zan taka, sai in farka. Ban taɓa sauka ba ko sau ɗaya, kuma abin yana ba ni tsoro.

Don Allah kada ki gaya wa Mma.

Ƙaninki,
Zuberu

Nima, Accra
29 ga Oktoba, 1991

Zuberu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, kowa yana amsawa. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. To, na gama addu'a, saura faɗa.

Kai yanzu don rashin kunya ni za ka yi wa ƙarya? Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta? Wata biyu kana kwance a ƙasar mutane, ni ina nan ina cika baki a kasuwar Laraba wai ƙanina yana ta cin ƙwallaye. Kuma wai kada in gaya wa Mma. A Nima ake ɓoye magana? Wani boga, irinku mazauna Turai, ɗan unguwar Alajo da ya dawo daga wajenku, ya riga ya kai mata labarin tun kafin Maulidi, ita ma take ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Da na karanta mata wasiƙarka sai ta ce, "Yaron nan paa, ya ɗauka ni yaro ne? Ƙafan shi ne ya karye, ba kan uwan shi ba." Sai kuma ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ni ma na yi nawa a kan keke.

Ta so in rubuta maka ka dawo gida a kai ka wajen mai ɗori. Na ce mata jijiya ce ba ƙashi ba, ba ta yarda ba har yau. Ta dai ba da man kaɗanya gwangwani biyu, bogan nan zai taho maka da shi in zai koma. Ka shafa, ko Sajan ɗinka tana so ko ba ta so.

Maganar mafarki kuwa, ka daina cin abu mai nauyi da rana. Gotar da kake tsallakewa ta cika ta tumbatsa makon jiya, ta kwashe teburin mai kifi da akuya biyu. In ka sake bi ta kanta a sama, ka duba mana ko za ka hango su.

Yanzu ga aiki. Azumi farkon Maris zai kama, saboda haka ina son zaren awonka ya iso hannuna kafin Fabrairu ta raba. Zare nake nufi, kada ka kuskura ka aiko mini da lamba. Ka tuna shekararka ta farko can, da ka auna da tef ɗin Jamusawa ka rubuto mini wai kugu tamanin da biyu? Ni kuma da tef ɗina na inci na tsaya ina salati, na ce wace irin ƙiba ce wannan a wata shida. Da Imoro bai hana ni ba, da na yanka maka wandon da mutum uku za su shiga su yi hira. Tun daga ranar na kafa doka ga duk bogan da nake yi wa ɗinki, kowa ya zagaya zare a jikinsa ya ƙulla ya sa a ambulan. Zare dai ba ya jin Turanci balle Jamusanci.

Ka san ƙusar nan da ke bayan kekena? Yanzu ɗauri goma sha tara ne a rataye, kowanne da sunan mai shi a ɗan kwali. Wani lokaci da la'asar, in iska ta shigo ta taga, sai su yi ta lilo a hankali. In ɗaga kai in ga samarin unguwarmu kaf, kugu da ƙafa da kafaɗa, babu fuska, suna rausaya kamar suna jiran a kira su cin abinci. Naka na sallar da ta wuce yana tsakiya, shi ne mai jan zare mafi tsawo. Nakan taɓa shi in zan rufe shago, ina kewarka ƙwarai.

Ka bi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Na ga wata shadda ruwan ƙasa a wajen wata 'yar kasuwar Tudu, na ce ta ajiye maka yadi biyar.

Yayarka,
Memunatu

Essen
2 ga Fabrairu, 1992

Yaya Memunatu ta Imoro, sarauniyar telolin Nima da kewaye,

Salamu alaikum, da gaisuwa irin ta mai albishir. Ki yafe mini jinkiri, atisaye ne ya cinye ni. Man kaɗanya ya iso. Sajan ta shinshina ta yamutsa fuska, bayan kwana uku ta ce in ɗan sam mata don hannunta.

Bari in ba ki labarin yadda cinya ta fara jin kira. Wata safiya cikin Nuwamba na matse kamar kullum, ba tare da na sa rai ba, sai na ga ƙoƙon gwiwar ya ɗan ja sama. Ɗan motsi ne, bai kai na ƙiftawar ido ba. Na yi ihu har masu shara suka leƙo. Daga nan aka fara wahalar gaske. An ɗora ni a kan keken da ba ya zuwa ko'ina, in yi ta tuƙi na awa guda ina kallon bango. Nakan rufe ido in ɗauki hanyar Nima zuwa Tudu, in bi ta Kanda, in tsaya motocin haya na trotro su wuce, har in ji ƙamshin kelewele, soyayyar ayabar nan, a bakin titi. In na buɗe ido ga dusar ƙanƙara a taga, ban matsa ko taku ɗaya ba. Bayan keke sai matakala, hawa da sauka, sai tafiya cikin ruwa, sai ɗaga ƙarfe da ƙafa ɗaya. Saukowa daga matakala ta fi hawa wuya, wannan ban sani ba sai yanzu.

Ran Juma'ar da ta wuce na ture kujera na yi salla a ƙasa. Da goshina ya taɓa darduma sai hawaye suka ƙwace mini, na daɗe ban ɗago ba. Zaman tahiya ne har yanzu nake ɗan karkacewa.

Ga babban albishir. Likita yana da wata na'ura da ake zama a kai, a ɗaure ƙafa, a ce ka shura da iyakar ƙarfinka. Ya gwada ta hagu mai lafiya, ya gwada ta dama. Dokarsu ita ce, in mai ciwon ta kai kashi tara cikin goma na mai lafiyar, an sallame ka. A Disamba ina shida. Jiya na kai takwas da rabi! Ya ce kafin Afrilu zan cika, kuma koci ya riga ya sa mini rana, tara ga Mayu, wasanmu na gida. Ya ce zai ba ni rabin lokaci in nuna masa ko ni ne Zuberun da ya sani.

Ga zarenki nan kamar yadda kika yi umarni. Fari na kugu, baƙi na tsawon ƙafa, ja na cinya. Bana ja biyu na aiko don ki gani da idonki, mai ƙulli ɗaya na hagu, mai ƙulli biyu na dama. A tsaye na auna, a inda cinyar ta fi kauri, yadda kika koya mini. Ki jera su a tebur ki gani, bambancinsu bai wuce faɗin farce ba. Na yi ta jera su a kan gado ina kallo kamar wanda aka yi wa haihuwar tagwaye.

A mafarkin nan kuma, yanzu har ciyawar Kawukudi nake gani, ɗan abin da ya rage mata a gefen tutar kwana. Saura ƙiris in taka.

Ki gaida Mma, ki ce ta fara shirin tuwon murna.

Naki har kullum,
Zuberu

Nima
21 ga Fabrairu, 1992

Ƙanina Zuberu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Muna lafiya, mun gode Allah da jin goshinka ya koma ƙasa. Mma ta yi sadakar ƙosai a ƙofar masallaci saboda wannan.

Kwana uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Zan faɗa maka yadda abin ya faru daki-daki, kai ka yi hukunci.

Da wasiƙarka ta iso na jera jajayen nan biyu a kan teburin yanka, na ga kusan kansu ɗaya kamar yadda ka ce. Na yi guɗa, na kira Mma ta zo ta gani. Bayan ta fita sai na miƙa hannu kan ƙusa na sauko da ɗaurinka na bara, don in cire shi in rataye sabo. Ina kwancewa jan zaren bara ya faɗo kan tebur kusa da 'yan'uwansa. Ka san ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun kafin in ɗauko tef gabana ya faɗi. Na bara ya fi su tsawo, duka biyun, da inci biyu har da ɗoriya.

Na ce wataƙila yaron nan ya matse zaren ne da yawa bana. Sai na gwada farin da farin, baƙin da baƙin. Tsawon ƙafa daidai yake cif, kugu ma ya ɗan ƙaru ne. Ke nan hannunka bai canja ba, awonka daidai ne. Cinyoyin ne suka ragu.

Ka gane abin da nake gaya maka? Ta dama ba ita kaɗai ta yi tafiya ta kamo ta hagu ba. Ita ta hau kaɗan, ta hagu kuma ta sauko ta tarye ta a hanya. Wata shida ba ka yi gudu ba, ba ka yi tsalle ba, ba ka buga ƙwallo ba. Wa ya ce mai lafiyar za ta zauna yadda take tana jiranka?

Ni na san wannan a jikina. Shekarar da na zame daga matakin trotro na karya idon sawun hagu, kai kana makaranta lokacin, wata biyu na yi ban hau keke ba. Da na koma na ce ai ta dama lafiyarta ƙalau, ita za ta ja aikin. Ko zani ɗaya ban gama kalmasawa ba ta fara rawa. Ba abin da ya same ta, zama ne kawai ya cinye ta.

Likitanka da na'urarsa suna gwada ƙafarka da 'yar'uwarta. To, in 'yar'uwar ma ta rame fa? Tara cikin goma na me ke nan? Shi ya san hagunka ta yau, ni kuwa ta bara ce a hannuna, wadda kake karya 'yan baya da ita. Kuma ka tuna, da waccan cinyar cikakkiya ma jijiyar ta tsinke.

Ina jin tsoro, Zuberu, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron ka shiga filin nan ran tara ga Mayu ka karya gefe ɗaya, facin ya ɓalle. Ka kai wa likitan maganar nan. Ka tambaye shi ko yana da awonka na lokacin da suka ɗauke ka.

Shaddar tana nan a ninke, ban sa mata almakashi ba. Ban san wanne Zuberu zan yanka wa ba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Memunatu

Essen
13 ga Maris, 1992

Zuwa ga Yaya Memunatu,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna shan ruwa lafiya.

Na ga saƙonki. Yaya, mutumin nan shekara ashirin yana yanka gwiwoyi yana ɗinkewa, na'urarsa kuma har takarda take fitarwa. Ke da ɗan zarenki a kan ƙusa kike so in je in tsaya gabansa in ce telar Nima ta ce ya yi kuskure? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake cikin jikin nan, kuma ina jin ƙarfi. Makon jiya na cika tara. Na fara gudu a fili tare da sauran.

Wata shida ina cije haƙori. Ranar da na samu abin farin ciki na farko, ke na fara aiko wa, sai kika auna shi da tef kika ce bai kai ba. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Kin san abin da zai faru in ban buga ba? Za su sallame ni. In dawo Nima in ce me? Mutanen da suka cika trotro biyu suka raka ni filin jirgi, in gaya musu na tsorata ne saboda inci biyu? Shekarata ashirin da shida, babu wanda zai sake kirana.

Tun da wasiƙarki ta zo ban sake yin mafarkin nan ba. Barcin ranar ma ya ƙaurace mini.

Ki yanka shaddar da sabon awo, ko ki ba Imoro. Ki gaida Mma.

Zuberu

Nima
9 ga Afrilu, 1992

Zuberu, ɗan Mma Lariba,

Salamu alaikum. Barka da salla, Allah Ya maimaita mana. An yi idi lafiya, Mma ta ajiye maka naman kaza a tunaninta, mu muka cinye a zahiri.

Fushinka ya iso, na karɓa hannu biyu. Ka yi gaskiya, ni ba likita ba ce, aji shida na tsaya. Mai yiwuwa ne in yi kuskure, kuma wallahi ina roƙon Allah Ya sa kuskuren na yi. Amma shaddar ban yanka ba, ban kuma ba Imoro ba, kalar ba ta karɓe shi.

Washegarin salla na hau tudu zuwa Maamobi na nemi Falalu. Ka tuna shi, lamba tara ɗin da kuke hawa katanga kuna kallo kuna yara, wanda ake cewa in ya buga ƙwallo mai tsaron gida yakan yi kalmar shahada. Yanzu gyaran takalma yake a gindin wata bishiya kusa da tasha. Na kai masa silifas ɗin da babu abin da ya same shi, don in sami bakin magana. Da zai tashi ya ɗauko guduma, sai da ya dafa benci da hannu biyu, ƙafar ta yi waje kafin ta dawo. Shekararsa arba'in da ɗaya.

Na ba shi labarinka. Ya daɗe yana juya silifas ɗin, sannan ya ce, "Hajiya, ni ma haka ne fa. Gwiwan ya daina zafi, na ce na warke kraa. Na duba ƙafa biyu, duka ɗaya ne. Minti goma sha biyu na buga, chale, shi ke nan. Gwiwa ba shi da laifi, cinya ne ke riƙe shi. In cinya bai dawo ba, kar ya shiga." Na ce to in sun kore shi fa? Ya ce, "In sun kore shi zai zo gida da ƙafa. Ni ba su kore ni ba, ɗauko ni aka yi."

Maganar trotro biyu kuwa, ka bar ni da su. Surutun Nima daga Laraba ne zuwa Laraba, da an ci kasuwa an sami sabon wanda za a tauna. Ni ce nake ɗinka wa matansu, na san abin da kowa yake rufewa da zani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kai ma ka sani.

Jiya da rana wuta ta ɗauke, zafi ya yi yawa, na kifa kai a kan keke barci ya sace ni. Na gan ka kana saukowa daga tudun Maamobi da yamma, ba gudu kake ba, tafiya kawai, hannu a aljihu, ka yi furfura kaɗan a gemu. Kana tsayawa kana gaisawa da mutane, ka tsallake wani ɗan kwatami ko dubawa ba ka yi ba. Babu ƙwallo a mafarkin, babu 'yan kallo. Na farka zuciyata fari tas, na daɗe ban ji daɗi irin haka ba.

Ba zan sake yi maka gardama ba. Ga jan zarenka na bara nan cikin ambulan, na ciro shi daga ƙusa. Ba sai ka nuna wa kowa ba. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka zagaya shi a cinyar da kake kira mai lafiya. Abin da ka gani, kai da Allah.

In ka buga, zan yi maka addu'a tun daga asuba har a tashi. In ba ka buga ba, ɗakinka yana nan. Ɗan'uwa rabin jiki ne, shi ya sa nake jin ciwon nan tare da kai.

Yayarka,
Memunatu

Essen
12 ga Mayu, 1992

Yaya,

Salamu alaikum, ina gaida ku duka.

Kwana goma sha biyu zaren yana kan tebur ban taɓa shi ba. Ran Alhamis, saura kwana biyu wasa, bayan na dawo atisayen safe na zagaya shi a hagu. Yatsuna uku suka shige tsakaninsa da fata, har da sarari.

Na kai wa Sajan. Ta juya shi ta juya, ta fita, ta dawo da takardar gwajin da aka yi mini shekarar da suka ɗauke ni. Babu wanda ya taɓa buɗe ta tun lokacin. Da aka gwada da waccan, ta dama ba ta kai bakwai cikin goma ba. Ta ce ina bukatar wata huɗu nan gaba, likita ma da ya gani bai musa ba. Koci ya ce ba shi da wata huɗu, zaɓi yana hannuna.

Rigata mai lamba bakwai tana rataye a ɗakin canja kaya ran Asabar, na gan ta da idona. Na ce wa koci ba zan sa ba. A cikin 'yan kallo na zauna. Wanda aka sa a wurina ya buga da kyau, na tafa masa, sannan na sunkuyar da kai na yi kuka.

Jiya suka kira ni ofis, ba za su sabunta kwantiragin ba. Zan taso ran uku ga Yuli. Sajan ta rubuta mini atisayen wata huɗun a takarda, na ce mata muna da tudu a unguwarmu da ya fi matakalarsu. Ban san ko wani zai sake kirana ba. Ki gaya wa Mma ina tafe, kuma da ƙafata zan shigo gida.

Har yanzu ina jin haushinki, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Allah Ya saka miki da alheri.

Ƙaninki,
Zuberu